Kwarin Yosemiti: Duwatsunsa, Gadojinsa Da Tarihin Masu Hawan Bangon El Capitan

Yosemiti wani kwari ne a tsakiyar tsaunukan Sierra Nevada da ke jihar Kalifoniya, a yammacin Amurka. Daga birnin San Faransisko tafiyar kamar awa huɗu ce a mota. Tsawon kwarin kusan kilomita 12 ne, wato mutanen Legas ku ƙaddara tsawon gadar Third Mainland, faɗinsa kuwa kilomita ɗaya da rabi ne ko ɗan fiye da haka. Abin da ya ɗaga sunansa a duniya shi ne bangayen dutsen da suka tsare shi hagu da dama, a miƙe cak kamar an yanka su da wuƙa, wasu har mita 900 zuwa 1,000. Kogin Merced ne ke ratsawa ta tsakiyarsa.

Gandun dajin gaba ɗaya ya haura murabba'in kilomita 3,000. Shi kwarin ɗan mitsitsi ne a ciki, kamar kashi 1 cikin 100, amma nan yawancin baƙi kimanin miliyan 4 da ke zuwa duk shekara suke tururuwa. Da yawanmu ma mun sha ganin wurin ba mu sani ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga rigar sanyi ta The North Face a dilar gwanjo, wannan zanen layuka uku masu lanƙwasa da ke gefen sunan, siffar dutsen Half Dome ce na Yosemiti.

A hoto sai ka rantse hannun ɗan Adam bai taɓa wurin ba. Da na bi tarihinsa sai na tarar kusan kowane lungu akwai tabon mutum, kuma sama da shekara 150 ke nan gardama ɗaya ake yi: wa ke da ikon barin alama a wannan kwari, kuma iya ina?

Masu wurin na asali

Dubban shekaru kafin zuwan Turawa akwai mutane a kwarin. Waɗanda aka tarar ana kiran su Ahwahneechee, sunan kwarin a bakinsu kuma Ahwahnee, ma'ana wangamemen baki. Bayan an gano zinariya a Kalifoniya a 1848, masu haƙa suka cika tsaunuka, rikici ya ɓarke. A watan Maris na 1851 wata rundunar 'yan sa kai mai suna Mariposa Battalion, ƙarƙashin James Savage, ta shiga kwarin tana farautar sarkinsu Tenaya da jama'arsa. Suka ƙone bukkoki da rumbunan abinci. Wani daga cikin rundunar, Lafayette Bunnell, shi ya raɗa wa wurin Yosemiti, yana zaton kalmar na nufin beya, wata ƙatuwar dabbar dawa. Masana harshe daga baya suka nuna cewa kalmar maƙwabta ce, kuma ma'anarta kusan “masu kisa”. To ka ji sunan da ake bugawa a katin gaisuwa.

Ranar 30 ga Yuni, 1864, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta keɓe kwarin don amfanin jama'a, aka damƙa shi ga jihar Kalifoniya. Ranar 1 ga Oktoba, 1890 aka mayar da tsaunukan da ke kewaye gandun daji na ƙasa, a 1906 kuma aka haɗe su da kwarin a hannun gwamnatin tarayya. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Su kuwa 'yan asalin wurin, wasu sun dawo sun zauna suna aikin ƙwadago a otal-otal, har aka rushe ƙauyensu na ƙarshe a 1969.

Makiyayi da farfesa

Wannan ɓangaren ya fi taɓa ni, ni da na tashi a kara ina bin mahaifina wajen sauke shanu daga tirela. Mutumin da ya fi kowa fafutikar kafa gandun, John Muir, ɗan asalin Sikotilan, da kiwo ya shiga waɗannan tsaunuka. A 1869 ya bi garken tumaki kimanin 2,000 zuwa makiyayar da ke can sama. Ya ga yadda suke cinye komai har saiwa, ya kamanta su da fara, daga nan ya zama babban mai adawa da kiwo a wurin.

A wannan yawo ne ya lura da kartar da ke jikin duwatsu, ya ce tulin ƙanƙara mai tafiya a hankali kamar kogi shi ya sassaƙa kwarin. Babban masanin ƙasa na jihar, Farfesa Josiah Whitney, ya ce sam, ƙasan wurin ne ya rufta, ya kuma yi wa Muir gorin cewa makiyayi ne kawai. Binciken da François Matthes ya fitar a 1930 ya nuna kogi ne ya fara yankar kwarin, ƙanƙara ta zo ta faɗaɗa shi ta zurfafa shi. Maganar makiyayi ce ta fi kusa da gaskiya.

Daga 1891 zuwa 1914 sojojin doki ne ke gadin gandun, cikinsu har da rundunonin baƙaƙen fata. Lokacin babu dokar da za a ɗaure makiyayi da ita, sai suka ɓullo da wata dabara mai zafi: in sun kama garke, sai su rako makiyayin su fitar da shi ta wannan iyaka, tumakin kuma su kora su ta waccan iyakar, tafiyar kwanaki tsakani. Kafin ya zagayo, rabin dukiyar ta watse. Duk ɗan kasuwar dabbobi ya san abin da wannan ke nufi, ba sai na yi dogon bayani ba.

Abin da masu kare dajin ba su gane da wuri ba shi ne, fadamun nan masu kyau da suke yabo aikin hannu ne. 'Yan asalin wurin suna sa wuta a kai a kai don ciyawa ta tsiro, itatuwan da suke cin 'ya'yansu su samu sarari. Da aka hana ƙuna, sai itatuwa suka mamaye fadamun. Ga kuma Galen Clark, mai kula da wurin na farko, wanda a 1879 ya sa nakiya ya fasa wani tudun duwatsu da ke tare kogi kusa da El Capitan don ruwa ya janye. Ruwan ya janye ɗin, fadamu suka ƙara bushewa. Yanzu ma'aikatan gandun da kansu suke kunna wuta bisa tsari.

Manyan alamomin kwarin

Wanda ya shigo ta hanyar kudu zai bi ta ramin Wawona, wanda aka huda cikin dutse aka buɗe a 1933, tsawonsa kusan mita 1,300. Yana fitowa sai kwarin ya buɗe gaba ɗaya a gabansa: El Capitan a hagu, ruwan Bridalveil a dama, Half Dome can ƙurya. Yawancin hotunan da kuke gani daga nan ake ɗaukar su.

El Capitan dunƙulen dutse ne guda, irin giranayit ɗin nan da ake fasawa a yi tsakuwar gini, shekarunsa kimanin miliyan 100. Daga gindi zuwa sama mita 900 ne. Mutanen Ibadan su ɗora Cocoa House takwas a kan juna, har yanzu da saura. 'Yan asalin wurin suna kiran sa Tutokanula, kuma suna da tatsuniya a kansa: wai 'ya'yan beya biyu ne suka yi barci a kan wani falalen dutse, dutsen ya yi ta girma har ya kai sama. Duk manyan dabbobi suka gwada hawa suka faɗo, sai wata 'yar tsutsa ce ta bi a hankali, taƙi bayan taƙi, har ta sauko da su. Ku riƙe wannan tatsuniya, don kusan haka mutane suka hau shi daga baya.

Half Dome na can gabashin kwarin, ya ɗaga sama da mita 1,400 daga ƙasan kwari. Kamar ƙwarya ce a kife da aka tsaga biyu aka ɗauke rabi, ko da yake masana sun ce mafi yawan dutsen yana nan, ido ne ke ruɗin mutum. Sai Glacier Point, wani baranda na dutse kusan mita 980 a sama, wanda mota ke zuwa lokacin zafi. Daga 1872 masu otal suka riƙa tara garwashi a bakinsa da dare su turo shi ƙasa don baƙi su ga “ruwan wuta”. Hukuma ta hana a Janairun 1968, saboda 'yan kallo na tattake fadamu, kuma abin ba na halitta ba ne. Na halittar yana nan: a tsakiyar Fabrairu, in an yi sa'a sama ta washe, hasken faɗuwar rana na bugun wani siririn ruwa mai suna Horsetail a gefen El Capitan, ya yi jawur kamar narkakken ƙarfe na 'yan mintoci.

Ruwan da ya fi kowanne shi ne Yosemite Falls, mai faɗowa mita 739 a hawa uku, na saman kaɗai mita 436. Dusar ƙanƙara ce ke ciyar da shi, saboda haka a watan Mayu rurinsa na cika kwari, amma zuwa Agusta sau da yawa sai ka tarar da bango a bushe. Bridalveil mita 189 ne, shi ba ya ƙafewa. Vernal da Nevada kuwa a kan kogin Merced kansa suke, a hanyar masu zuwa Half Dome da ƙafa. Ginin da ya fi tsufa a kwarin wata 'yar coci ce ta katako ta 1879, otal ɗin Ahwahnee kuma an buɗe shi a 1927.

Gadoji takwas da kogin da ba ya son matsi

Da motoci suka yawaita, tsofaffin gadojin katako da na ƙarfe suka gaza. Tsakanin 1922 da 1933 aka gina gadoji takwas: ta rafin Yosemiti ita ce ta fari, sai biyar a shekara guda, 1928, wato Pohono, Clark, Ahwahnee, Sugar Pine da ta rafin Tenaya, sai Happy Isles a 1929, Stoneman ta rufe a 1933. Shida a kan Merced suke.

Wanda ya gan su zai ce da zallar dutse aka ɗaura bakansu, irin ginin mutanen da. A'a, kankare ne da rodi a ciki, aka yi masa riga da dutsen wurin, da gangan, don kada gada ta yi wa ido tsaye a gaban El Capitan. Ahwahnee baka uku gare ta. Sugar Pine baka ɗaya ce, ita ce mafi tsawon baka a cikinsu. Abin da ya burge ni shi ne Clark da Happy Isles da Stoneman: a gindin kowacce an bar 'yar ƙofa kamar rami don mahaya doki su wuce ta ƙasa, mota ta wuce ta sama. Wanda ya taɓa tsallakar da shanu babban titi da safe, direbobi na zagi, zai ce Allah ya yi wa mai wannan tunani albarka. A 1977 aka sa dukkansu cikin kundin wuraren tarihi na Amurka.

Matsalar ita ce kogi ba ya zama wuri ɗaya. Merced a cikin kwarin lanƙwasa yake yi, yana cin wannan gaɓa yana zuba yashi a waccan, lokacin narkewar ƙanƙara kuma ya malala cikin fadamu. Wasu daga cikin gadojin sun yi masa ƙunci. Ruwa in ya matsu sai ya ƙara gudu, ya ƙwaƙule gindin gada, ya zaizaye gaɓa. A 1987 aka sa Merced cikin kogunan da dokar tarayya ta ce a bar su su gudana yadda suke. Ka ga an samu doka biyu suna kallon juna: ɗaya na kare gada, ɗaya na kare kogi.

Sai ga ambaliyar farkon Janairun 1997. Ruwan sama mai ɗumi ya sauka a kan dusar ƙanƙara, kogi ya cika kwari, baƙi kimanin 2,100 suka maƙale, sansanonin kwana da yawa suka tafi, aka rufe wurin sama da wata biyu. Har yau akwai alluna da ke nuna inda ruwa ya kai, wasu sun fi tsayin mutum. Bayan nan hukumar gandun ta fara duba yiwuwar cire Sugar Pine da Ahwahnee da Stoneman. Masu kare kayan tarihi suka tashi, a 2012 ƙungiyar National Trust for Historic Preservation ta sa gadojin cikin wurare 11 da suka fi fuskantar barazana a ƙasar. Tsarin da aka kammala a 2014 ya bar su duka a tsaye, da sharaɗin a ci gaba da nazarin Sugar Pine a ga ko za a iya gyara gudun ruwan ba tare da rushe ta ba.

Akwai wasu gadojin da ba sa cikin takwas ɗin amma baƙi sun fi sanin su. A kan gadar Sentinel masu hoto ke cincirindo da yamma don ɗaukar inuwar Half Dome a cikin ruwa. Swinging Bridge sunanta gada mai lilo, amma ba ta lilo ko kaɗan. Ambaliya ce ta yi ta lalata mai lilon har aka gaji aka kafa tsayayya, suna ya zauna. Gadar El Capitan kuwa ita ce majalisar 'yan kallo. Nan ake kafa madubin hangen nesa ana neman mutane a jikin bango, ƙanana kamar ƙudaje.

Yadda aka fara hawa

Farfesa Whitney ɗin nan dai ya taɓa rubuta cewa ƙafar mutum ba za ta taɓa taka saman Half Dome ba. Ranar 12 ga Oktoba, 1875 George Anderson ya taka. Ta bayan dutsen ya bi, inda yake da gangara mai santsi. Sai ya huda rami da hannu, ya buga ƙusa mai zobe, ya tsaya a kanta, ya huda na gaba. A 1919 aka kafa igiyoyin ƙarfe biyu a kusan wannan layi, tsawon mita 120 na ƙarshe, kuma su ake bi har yau. Zuwa da dawowa ya haura kilomita 22, awa 10 zuwa 12. Cunkoso ya sa tun 2010 aka fara neman takardar izini, yanzu mutum kimanin 300 ake bari a rana. In dutsen ya jiƙe ko hadari ya taso, wurin na kisa. A Yulin 1985 tsawa ta kashe mutum biyu a samansa.

Hawan bango a miƙe kuwa sai a shekarun 1930. A 1934 Jules Eichorn da Richard Leonard da Bestor Robinson suka hau tsinin Higher Cathedral Spire da igiya da turakun ƙarfe. Turken nan ɗan ƙarfe ne mai ido, ana buga shi da guduma cikin tsagar dutse a rataya igiya. Na Turai da ake sayowa masu taushi ne, suna lanƙwashewa a dutsen Yosemiti. Wanda ya warware wannan maƙeri ne, John Salathé, ɗan asalin Suwizalan, wanda bai fara hawa ba sai da ya haura shekara 40. Ya ƙera turaku da ƙarfe mai tauri, ana cewa daga gatarin ƙafar tsohuwar mota ƙirar Ford, waɗanda za a buga a cire a sake bugawa. Da su ya yi kwana biyar a Lost Arrow a 1947 tare da Anton Nelson, ya sake yin biyar a bangon Sentinel a 1950 tare da Allen Steck, cikin zafi da ƙishirwa.

Harding da Robbins

Daga nan labarin ya koma na mutum biyu da ba sa ga maciji a kan aƙidar hawa. Royal Robbins mutum ne mai tsari da ƙa'ida. Warren Harding kuwa ɗan ba ruwana ne, mai raha da taurin kai, har kwalaben giya yake ja zuwa bango. A Yunin 1957 Robbins da Mike Sherrick da Jerry Gallwas suka hau fuskar Half Dome cikin kwana biyar. Harding ya so wannan hawa, an riga shi. Ya tarye su a sama ya taya su murna, ya sauko ya nufi abin da ya fi shi girma.

A watan Yuli ya fara hawan El Capitan ta ƙaton hancin da ya turo gaba, wanda ake kira The Nose. Dabarar tsutsa ya yi: a hau kaɗan, a ɗaure igiya, a sauko a huta, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Wasu tsagogin sun fi ƙarfin turakunsu faɗi, sai aka yanko ƙafafun tsohon murhun ƙarfe aka yi turaku da su. Har yau sunan wannan sashe Stovelegs, wato ƙafafun murhu. 'Yan kallo suka riƙa tare hanya har hukuma ta hana su hawa lokacin cikar baƙi. Abokan farko suka janye, ya samo wasu. Bayan wata 16, da sama da kwana 40 a jikin bango, aka zo sashen ƙarshe da ya rinjayo waje kuma babu tsaga. Harding ya kwana a rataye da fitila a goshi yana huda dutse da hannu, ƙusa 28 a dare ɗaya. Da asubar 12 ga Nuwamba, 1958 ya fito sama, Wayne Merry da George Whitmore na biye. Ƙusoshin da ya dasa a hanyar baki ɗaya 125 ne.

Nan gardamar take. Turke tsaga yake bi, wato inda dutse ya ba da hanya. Ƙusa kuwa ko'ina za ka iya huda mata rami, kuma ramin ya zauna har abada. Robbins na ganin in za ka huda duk inda ka ga dama, to ba dutsen ka hau ba, tsani ka kafa. A 1960 ya maimaita The Nose da abokai uku a tafiya ɗaya ta kwana bakwai. A 1961 shi da Tom Frost da Chuck Pratt suka buɗe sabuwar hanya da ƙusa 13 kacal, suka sa mata sunan maƙerin nan, Salathé Wall.

A 1970 Harding da Dean Caldwell suka yi kwana 27 a sashen da hasken safiya ke fara bugawa, wanda yanzu ake kira Dawn Wall. Guguwa ta same su, hukuma ta shirya ceto, suka ce ba sa so. Sun huda ramuka kimanin 300. Robbins ya fusata, farkon 1971 ya hau da kurfi yana sare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya don ya shafe hanyar. Bai yi nisa ba ya ga irin gwanintar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, ya mayar da kurfinsa jaka, ya ƙarasa hawan. Ni a nan na fi ganin girman Robbins, fiye da duk bangayen da ya hau.

Su ma masu turke ba su tsira ba. Bugawa da cirewa sau ɗaruruwa ya farfasa tsagogi, ya bar ramuka kamar zanen fuska. Yvon Chouinard, wanda ya fi kowa sayar da turaku a lokacin, shi da Tom Frost suka fito a 1972 suka ce wa masu sayen kayansu su daina, su koma ga 'yan guntayen alminiyam da ake saƙalawa da hannu a zare da hannu. Ɗan kasuwa ya kashe kasuwar da ke ciyar da shi da kansa, ba kullum ake ganin haka ba. Shi ne daga baya ya kafa kamfanin tufafi na Patagonia.

Hannu da ƙafa, sannan ba igiya

Duk waɗancan hawa, mutum na taka ƙarfe ne yana jan jikinsa da shi. Mataki na gaba shi ne a hau da hannu da ƙafa kawai, igiya na nan don tare faɗuwa amma ba a dogara da ita. Kafin nan an yi wasu abubuwan tarihi: a 1973 Beverly Johnson da Sibylle Hechtel suka zama mata na farko da suka hau El Capitan ba namiji a tare, a 1975 Jim Bridwell da John Long da Billy Westbay suka gama The Nose a rana ɗaya, a 1989 Mark Wellman, wanda ƙafafunsa suka shanye, ya ja jikinsa da hannu sau dubbai har sama tare da Mike Corbett.

Manyan maza sun yi shekaru suna neman hawan The Nose da hannu da ƙafa, abu ya gagara. A 1993 Lynn Hill, mace 'yar gajeruwa, ta yi. A 1994 ta dawo ta maimaita cikin ƙasa da awa 24. Wasu suka ce ai ƙananan yatsunta ne suka taimake ta. Abin dariyar shi ne ramukan da take sa yatsun a wasu wurare tabon turakun mazan da suka gabace ta ne. A 2005 Tommy Caldwell da Beth Rodden suka bi sawunta. Shi Caldwell ɗin, wanda zarto ya cire wa manunin hannun hagu, shi da Kevin Jorgeson suka yi kwana 19 a Dawn Wall suka fito ranar 14 ga Janairu, 2015, suna kwana a tantin da ke rataye a bango. Adam Ondra na ƙasar Cek ya maimaita cikin kwana 8 a 2016.

Bidiyon da ya fi yawo a wayoyi kuwa na Alex Honnold ne. Ranar 3 ga Yuni, 2017 ya hau El Capitan ta hanyar Freerider ba igiya ko ɗaya, daga shi sai takalmi da jakar alli, cikin awa 3 da minti 56. Fim ɗin da aka yi a kai, Free Solo, ya ci kyautar Oscar a 2019. Abin da gajeren bidiyo ba ya nunawa shi ne ya shafe sama da shekara yana bin hanyar da igiya, yana haddace kowane riƙo. Matasanmu masu ɗaukar hoto a saman tirela tana gudu, don Allah ku lura da wannan bambanci. Ranar 6 ga Yuni, 2018 shi da Caldwell suka gama The Nose, hanyar da ta ci wa Harding wata 16, cikin awa 1 da minti 58 da daƙiƙa 7. Kwana huɗu kafin nan, wasu ƙwararru biyu da suka sha hawan dutsen sun faɗo daga Salathé Wall sun mutu.

Kusan duk waɗannan mutane a wuri ɗaya suka yi zaman talauci, wani sansanin tantuna mai ƙura da ake kira Camp 4. Bayan ambaliyar 1997 hukuma ta so yin gine-gine a gefensa, Tom Frost ya jagoranci kai ƙara, a 2003 aka sa sansanin cikin kundin tarihi ɗaya da gadojin nan takwas. Yanzu damuwar ta koma kan shara: tsofaffin igiyoyi, robobin ruwa, da bayan gida da ake bari a tsagogi. Tun 2021 duk mai son kwana a jikin bango sai ya karɓi takardar izini, kuma dole ya sauko da duk abin da ya hau da shi, har da abin da ya fita daga cikinsa, a cikin wata roba mai murfi da ake ratayawa ƙarƙashin jakar kaya.